Babban Inji a Tsohuwar Mota: Ina Haƙƙin Fasinja?

Cikin ayyukan da suka fi yawa a garejojin Gombe yanzu akwai sauke inji da ɗora wani. Duk wanda ya bi ta wajen kanikawan da ke kewayen tashoshin mota, da wuya ya rasa motar da aka cire wa bonet, an rataya sarƙa, yara suna ja, tsohon inji yana fitowa yana ɗigar baƙin mai, wani na Beljiyam yana ajiye a gefe a kan tsohuwar taya. Wani lokaci irin wanda aka cire ake mayarwa, wannan ba ni da magana a kansa. Wanda ya dame ni shi ne a cire ƙaramin inji a ɗora wanda ya fi shi girma da ƙarfi, a bar birki da taya da lagireto da sauran ƙafar mota yadda suke tun ranar da motar ta baro Turai. Idan an gama aiki an tayar da mota, tambayar mai ita guda ce: "Yaya, tana ja?" Ban cika jin wanda ya tambaya ko tana tsayawa ba.

Ba na cikin masu cewa a haramta canza inji. Wanda ya ce haka bai san halin da muke ciki ba. Abin da nake cewa shi ne, duk motar da aka ƙara wa ƙarfi, musamman wadda za ta ɗauki fasinja, ta daina zama sha'anin mai ita shi kaɗai. Ya kamata a san an yi aikin, a rubuta shi a takarda, wani wanda ba shi ya yi ba ya duba shi, kuma kuɗin birki ya riga kuɗin inji shiga lissafi. Mai mota ne ya sayi ƙarfin, shi ne yake cin ribarsa, amma ranar da abin ya ɓaci, waɗanda ake kwasa zuwa asibiti mutane ne da suka biya kuɗin mota ba su san abin da ke ƙarƙashin bonet ba.

Sai dai adalci ne a fara da dalilin da ya sa mutane suke yi. Manyanmu sun ga lokacin da ma'aikacin gwamnati yake karɓar bashin mota ya sayi Peugeot 504 sabuwa dal daga kamfanin da ya fara haɗa su a Kaduna a 1975, lokacin Gombe ba ta zama jiha ba, daga baya kuma kamfanin Steyr ya zo yana haɗa manyan motoci da taraktoci a Bauchi. Wannan zamani ya wuce. Abin da ke ɗaukar talaka yau daga Gombe zuwa Kumo da Billiri da Bajoga da Dukku shi ne Golf 3, da Sharan, da Vectra, da tsofaffin bas na Hiace. Golf 3 an fara ƙera ta a 1991, mai dogon baya kuma an daina ta a 1999, wato mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25. Ta gama aikinta a Jamus ko Beljiyam, ta hau jirgin ruwa, ta zo ta kama wani aikin da ya fi wanda aka yi ta dominsa nauyi. Tun farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano ta yi wuya. A 2023 aka cire tallafin fetur, darajar naira ta faɗi, kuɗin mota ya tashi ya bar mai ƙaramin ƙarfi a ƙasa. Wanda injinsa ya buga a yau ba ya zancen sabuwar mota. Ƙofar Ruwa zai aika a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ya buga waya Ladipo a Legas ko Nnewi, a ɗoro masa inji.

To tunda dai za a sayi inji, sai shawara ta zo: me zai hana a ƙara 'yan kuɗi a ɗauko babba? Direban haya yana da hujja, kuma hujja ce da ta cancanci a saurara. Motar da aka yi wa mutum biyar, bakwai take ɗauka: shi da mutum biyu a gaba, huɗu a baya, ga buhun masara daga Tudun Hatsi a but, an ɗaure murfin da igiya. Garin Gombe a kwari yake, mai fita ta hanyar Bauchi sai ya yi hawa, wajen Kaltungo da Cham kuwa duwatsu ne, hawa da gangara. Ƙaramin inji a irin wannan aiki wahala yake sha, yana giya biyu yana kuka, yana zafi, man da ake cewa ba ya sha ya shanye shi, ba a jima ba ya nemi ringi. Kuma direba zai gaya maka cewa idan ka fito wuce tirelar siminti da ta taso daga Ashaka, ƙarfin inji ne yake mayar da kai hannunka kafin mai tahowa ya iso. Duk wannan gaskiya ne. Babban injin da ke aiki cikin sauƙi yana iya daɗewa fiye da ƙaramin da ake matsa wa kullum.

Inda na rabu da direba shi ne a kan abin da ake kira canza inji. Kamfanin da ya ƙera Golf 3 shi ma ya ɗora mata babban inji. Bodi ɗaya ne, amma akwai mai lita 1.6 da ƙarfin doki 75, akwai 1.8 mai 90, akwai 2.0 mai 115, har da VR6 mai filogi shida, lita 2.8, ƙarfin doki 174. Saboda haka ba wanda zai ce bodin ba ya ɗauka. Amma a je a leƙa ƙafar VR6 a kwatanta da ta ƙananan. Ƙananan birkin ganga ne da su a baya, tayarsu nati huɗu. Babbar faifai ne gaba da baya, na gaban ya fi faɗi, tayarta nati biyar, rim 15, ta fi faɗi a kan kwalta. Sifirin daban, shoka daban, kuloci daban, giyabos daban. Haka Toyota ta yi wa Camry da muke kira fensir: mai V6, wato filogi shida, ta lita 3.0 ta zo da faifai a baya, yawancin masu filogi huɗu na lita 2.2 da suka shigo daga Amurka kuwa ganga ce. Kamfani ba ya kashe kobo a kan abin da zai iya bari. Ya canza waɗannan ne domin injiniyoyinsa sun yi lissafi sun ga ƙarin ƙarfi yana jawo ƙarin aiki ga kowane sashe na mota. Mu kuma sai mu ɗauko injin kawai mu baro sauran a kasuwa. Kamar a ba tsoho zuciyar saurayi ne a bar masa gwiwoyinsa.

Wasu za su ce ai inji ba ya ƙara wa birki aiki, gudu ne ke ƙarawa, idan direba ya tafi a hankali ba wata matsala. A baki haka ne. Amma abin da ba a lura da shi ba shi ne, da ƙaramin inji, motar da ta yi lodi ita ce take hana direba gudu. Ko ya danne totur har ƙasa akwai iyakar da ba ta wucewa. Wannan rauni nata kariya ne ga fasinja, kuma ranar da aka ɗora babba an cire shi. Motar da da ƙyar take kai 90 da lodi, yanzu tana shiga 120 direba bai ji komai a jikinsa ba, don injin ba ya kuka. Ga kuma matsin da yake ciki: mai mota yana jiran balas, kuɗin injin bashi ne, duk sawun da ya ƙara riba ce. Mutumin kirki ma a wannan hali zai taka.

Lissafin da ke nan ba mai wuya ba ne. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, mai gudun 120 tana cin mita 33. Kafin direba ya ga saniya ta fito, ya ɗauke ƙafa daga totur ya kai ta birki, wannan filin ya tafi. Bayan ya taka kuma, nisan da mota take buƙata kafin ta tsaya ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi: a gudun 120 tana buƙatar ninki biyu da kwata na filin da take buƙata a gudun 80, ko da birki ɗaya ne, taya ɗaya, kwalta ɗaya. Duk ƙarfin da ke cikin wannan gudu da wannan lodi, birki ne yake mayar da shi zafi. Ƙaramin faifai da ganga suna da iyakar zafin da suke ɗauka. A doguwar gangara, irin ta shigowa Gombe daga hanyar Bauchi, idan direba ya ɗora ƙafa a birki bai sauko da giya ba, birkin yakan yi zafi ya rage kamawa. Man birki kuma yana shan laima daga iska, wanda ya shekara da shekaru ba a canza ba yakan tafasa da wuri, sai feda ta nutse har ƙasa ba ta riƙe komai ba. Wannan ne muke ji ana cewa birki ya tsinke, a rufe maganar da ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, amma imani da ita bai sauke wa kowa nauyin abin da ya aikata da hannunsa ba, ko abin da ya ƙi gyarawa yana sane.

A tuna kuma da irin hanyoyin da muke magana a kansu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa tasi da bas gudun 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanyoyi na gudu. Hanyoyin da ke fita daga Gombe zuwa Bauchi da Yola da Biu da Darazo, mai zuwa da mai dawowa kwalta ɗaya suke rabawa, suna ratsa ƙauyuka da kasuwanni, ga shanu, ga 'yan acaɓa, ga yara masu talla a bakin titi. Gombe zuwa Bauchi kimanin kilomita 150 ne. A gudun 80 kusan awa biyu ke nan, a gudun 120 awa ɗaya da kwata, idan hanya sumul take ba tsayawa. Amma da ramuka, da shingayen jami'an tsaro, da garuruwa irin su Alkaleri da dole a rage gudu, abin da ake ragewa bai taka kara ya karya ba. Ita kuwa tayar da ake wannan gudu a kanta, sau da yawa ta Beljiyam ce. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, kuma hukumar ta daɗe tana faɗakarwa cewa shekara huɗu ne wa'adin taya. Mutum nawa ne suka sayi inji suka duba wannan lamba?

Wannan duk idan injin ɗan gida ne, wato daga dangin motar ya fito, ya zauna a mazauninsa ba gardama. Aikin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na ɗora injin wani kamfani a motar wani, wanda ya yi yawa saboda mutane sun yarda da injin Toyota, kayan gyaransa suna ko'ina, kowane bakanike ya san shi. A nan sai an kira mai walda. Za a yanke mazaunin inji a ƙera wani da ido, wani lokaci a sassaƙe shasi don a samu wuri, a yanke shaf a haɗa shi da na wata mota. Shaf ɗin da bai daidaita ba yana karkarwa, yana cin boris, kuma walda a ƙarfen da ke juyawa ɗauke da ƙarfin inji ba abin da za a dogara da shi ba ne a gudun 120. Injin da ya fi nauyi yana danne gaban mota, sifirin ya kwanta, sitiyari ya yi nauyi, a kwana sai motar ta nemi miƙewa. Akwai tukunyar da ke taimaka wa ƙafar direba wajen taka birki, wadda kanikawa suke kira busta, daga inji take samun zuƙar iskar da take aiki da ita. Idan aka haɗa tiyonta da garaje, ko aka ɗora injin dizal ba a kula da famfon da ke ba ta wannan zuƙa ba, feda takan yi tauri, mota ta ƙi tsayawa a kan lokaci. Akwai tiyon fetur. Injin injekta yana buƙatar famfo mai turo mai da ƙarfi ninki da yawa fiye da na kafireto, kuma tsohon tiyo da aka ɗaure da waya yana iya fashewa ya fesa fetur a kan salansa mai zafi. Motar da ta kama wuta da mutum huɗu a matse a baya, ƙofa ɗaya ba ta buɗewa sai daga waje, ba na son in ƙarasa zancen.

Sai maganar waya, wadda ita ce aka fi rainawa. Injin zamani da ƙwaƙwalwarsa yake tafe, kuma ƙwaƙwalwar wata mota ba ta jin yaren wata. Rewaya zai yi ta yanka da haɗi har inji ya tashi, da ya tashi an gama, sauran fitilun da ke kamawa a dashbod a cire musu ƙwai. A haka ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, yake mutuwa, a haka alamar zafi da ta baƙin mai suke daina gaya wa direba gaskiya, a haka maleji yake kwanciya. Ku lura idan kun shiga motar haya, ku ga nawa ne malejinsu yake motsi. Direban da malejinsa ya mutu da kunne yake auna gudu, kunnen kuma ya saba da kukan tsohon inji. Tun Fabrairun 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu, na'urar da ita ma sai ta san gudun mota take aiki. A motar da aka yanke wannan wayar, ko an sa ta, ba abin da take tsarewa.

Shi kansa mai mota ba kullum yake cin riba ba. A Maris da Afrilu zafin Gombe yana kai digiri 40. Babban inji zafinsa ya fi yawa, an bar masa lagireton ƙarami wanda ya riga ya toshe da tsatsa da ruwan rijiya. Maganin da ake yi shi ne a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, inji ya daina aiki a zafin da aka tsara masa, ya ƙara shan mai, a hawa kuma duk da haka ya tafasa ya ƙone gaskit. Kuloci da giyabos na ƙaramin inji su ma ba sa jure sabon ƙarfin. Araha ba ta ado, kuɗin da aka ƙi kashewa a rana ɗaya ana kashe shi kaɗan-kaɗan, mota tana kwana a gareji.

Ba na ɗora wa kanikawa laifin duka, kuma ina jin zafin yadda ake raina su. Mutumin da bai shiga ajin injiniya ba, ba shi da littafin kamfani, ba shi da na'urar ɗaga mota sai rami da jak, ya iya sa injin Japan ya yi aiki a motar Jamus, wannan basira ce ta gaske, kuma da ita ƙasar nan take tafiya. Yawancin manyan kanikawa sun san duk abin da na faɗa, sun ma fi ni sani. Ga yadda zancen yakan kasance a gareji. Bakanike ya ce, "Alhaji, tunda za mu sa wannan injin, ya kamata mu canza birkin gaba da lagireto, mu sa sabon tiyo." Mai mota ya ce, "Oga, kai dai ka ɗora mini inji ta tashi, sauran ma yi a hankali idan ta fara kawo kuɗi." Bakanike ya san idan ya ƙi, garejin da ke kusa da shi zai karɓa. Sai ya yi. Kuma "a hankali" ba ta zuwa, domin mota tana tafiya, birki kuma ba ya nuna gazawarsa sai ranar da aka fi buƙatarsa. Abin da bakanike nagari ya rasa shi ne ƙa'idar da zai jingina da ita, wadda ta hau kan kowa, don ya iya cewa, "Alhaji, ba a yarda in sake ta a haka ba, ko ina ka je haka za a gaya maka."

Akwai ɓangaren takarda da na ciniki. Takardun mota suna ɗauke da lambar inji da lambar shasi. Da an canza inji, takardar ta daina bayanin motar da ke kan hanya. Wannan ƙofa ce ga masu sayar da injin sata, kuma tarko ne ga mai gaskiya ranar da aka tsayar da shi aka duba. Bayan shekara biyu ko uku motar takan shiga hannun dillalai, a wanke ta, a fesa mata fenti. Mai saye, wataƙila malamin makaranta ne da ya daɗe yana tari, ko wanda ya karɓi kuɗin sallama yana son ya sa ta haya, ya ji inji yana kaɗawa lafiya ya biya. Ba wanda ya gaya masa an yanke shasi, an yi wa shaf walda, an kashe ABS. A addininmu ɓoye aibin kaya ha'inci ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Mun san wannan a kan mudu da awo da dabbar da ke da ciwo, ban ga dalilin da zai sa mu manta da shi a kan mota ba, alhali aibin mota rai yake ci.

Na san abin da direbobi za su ce, kuma ina ɗaukarsa da muhimmanci: duk sabuwar doka a ƙasar nan sabon shinge ce a hanya, sabon hannu ne da za a miƙa wa na goro. Idan aka ce sai da takardar canjin inji, gobe za a ga masu tsayar da mota suna neman ta a kowace kwana, wanda ya biya ya wuce ko birkinsa igiya ce. Wannan tsoro yana da tushe. Shi ya sa ba na son a kai maganar kan hanya. A gareji da tasha ya kamata a gama ta. Kanikawa suna da ƙungiya, NATA, direbobi suna da NURTW, kuma 'yan yuniyon sun san kowace mota da ke bin layi a tasharsu, sun san wadda aka sauke wa inji makon jiya. Ƙungiyar kanikawa ta zauna da jami'an VIO masu duba lafiyar motoci su fitar da takarda mai shafi ɗaya: wane inji aka cire, wane aka sa, lambarsa, me aka yi wa birki, lagireto, tiyon mai da waya, wane ne ya yi aikin. Bakanike ya sa hannu da sunan garejinsa. Wani babban bakanike daban ya duba, a gwada birkin da lodi a fili, sau ɗaya, a kan kuɗi kaɗan da kowa ya sani. Motar da ba ta da wannan takarda kada yuniyon ya ba ta lodi. Yanzu da Gombe take da babbar tashar Ɗankwambo, wuri ɗaya ya isa a fara gwadawa. Ofishin lasisi kuma ya sauƙaƙa gyaran lambar inji a takardun mota, ya zama aikin yini guda, don mutane su daina gudunsa.

Da sa hannun bakanike a takarda, aikinsa ya samu daraja, mai kyau ya bambanta da na garaje. Muna da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta fasaha a Gombe, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Kaltungo, ga jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Ɗan gajeren horo da Hausa, da yamma bayan an tashi daga gareji, a kan birki da waya da lissafin nauyi, ba zai gagari waɗannan makarantu ba. Kanikawanmu hannu suke da shi da ido, abin da za a ƙara musu kaɗan ne.

Samarin da suke ɗora V6 a ƙaramar mota don jin ƙara da wasan mota a bikin aure, maganarsu gajeriya ce. Ba lodi suke ɗauka ba, ba abinci suke nema ba. Iyayen da suka biya kuɗin injin su sani cewa titin unguwa da ake juyi a kansa, 'ya'yan maƙwabta ne suke tsaye a gefensa.

Tun da fetur ya haura naira 1,000 a 2024, wasu sun koma yin akasin haka, suna sauke mai filogi shida su ɗora mai huɗu. Haɗarin gudu ya ragu a nan, amma yankan waya da walda da sauya lamba suna nan yadda suke, don haka takardar da nake magana ta shafe su. Ga kuma juya motoci zuwa iskar gas ta CNG da gwamnatin tarayya take ta kira a yi tun 2023. Tukunyar gas ƙarfe ce mai nauyi da ake ɗaurewa a but, iskar da ke cikinta a matse take ƙwarai, kuma a Oktoban 2024 wata da aka haɗa da walda ta tarwatse a gidan mai a Benin, ta raunata mutane. Wannan aiki yana tafe garejojinmu, hannuwan da ke ɗora inji yau su ne za su ɗaura tukunya gobe, a motocin nan dai masu shekara 25 da lodin mutum bakwai. Idan ƙungiyar kanikawa da yuniyon da VIO suka fara da canjin inji yanzu, teburin da za a duba tukunyar gas a kansa ya riga ya kafu kafin ta yawaita a tashoshin Gombe.